Alkahira Ce Ta Fi Kusa da Gida

Ranar da Mahadi ya fara shiga ofishin sayar da tikitin jirgi da ke Sabon Gari, Gusau, babu wuta, fanka a tsaye cak, Bara'atu tana fifita da gefen mayafinta. Ya yi sallama, ya zauna a kujerar da ke gabanta, ya ajiye fasfo biyu a kan tebur.

"Malama, Malesiya za ni da mahaifiyata. Can nake aikin jinya, hutu na zo. So nake in tafi da ita ta ɗan huta, ta yi barci ba tare da ta kasa kunne ba."

Ba ta tambaye shi abin da yake nufi ba. Ta ga Tsafe a rubuce cikin fasfon, ita kuma 'yar Furfuri ce ta ƙasar Bungudu. Ta san irin barcin da mutanen yankin suke yi tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka.

"Matsalar ƙafarta ce," ya ci gaba. "Kumbura take yi idan ta daɗe a zaune. Likita ya ce kada a yi tafiyar a miƙe, a yada zango a wani gari a huta, sannan a ƙarasa. Ni kuma duk zuwana wucewa kawai nake yi, ban taɓa fita daga filin jirgi ba."

Bara'atu ta juyo masa da kwamfutarta mai sauran ɗan caji. Ta yi masa bayanin Doha, inda komai ke sheƙi amma zafin rana ba ya barin tsoho ya leƙa waje. Ta ce Adis Ababa akwai sanyi, sai dai gari ne a kan tudu, wasu tsofaffin numfashinsu kan yi nauyi. Ta ambaci Jidda, ta ambaci Alkahira. Tana magana tamkar a kowane garin tana da dangi.

"Ke wanne kika fi jin daɗinsa da kika je?"

Ta sunkuyar da kai. "Ni ko Kano sau ɗaya na taɓa zuwa. Jirgi kuwa a sama nake hangensa."

Ya yi dariyar da ta sa ta ɗago ta harare shi, a nan idonsu ya haɗu. Shi ya fara kawar da nasa.

"To Hajiyar Jirgi, bari in je in yi shawara."

Shawarar ba ta ƙare ba. Yau ya zo ya ce Doha ta kwanta masa, gobe ya dawo ya ce ya fasa. Wani lokacin da ƙunshin tsire, wani lokacin da rake a leda. Abokan aikinta suka daina tambayarsa me ya kawo shi. Da yamma, idan tana cikin motar komawa Bungudu, saƙonsa kan shigo:

"Hajiyar Jirgi, yau na fi karkata ga Adis Ababa. Amma ki bar zancen a buɗe, ina da sauran tambayoyi."

Ta kan amsa: "Malam Mahadi, tambayoyinka sun fi garuruwan yawa. Ka ji tsoron Allah ka zaɓa."

"Na riga na zaɓa. Ba gari ba ne."

Wannan saƙon, har motar ta shiga Bungudu tana sake karanta shi.

Wata safiya ya turo wani fasfo na uku ta hannun direban tashar Tsafe, ya ce a ƙara kujera. Bara'atu ta buɗe, ta ga wata kyakkyawar matashiya mai suna Wasila, sunan mahaifinta daban da nasa. Ta ɗauka matarsa ce. Ta yi aikin da aka ba ta, amma ta daina ɗaga wayarsa. Saƙonninsa suka yi ta shigowa:

"Bara'atu, lafiya? Na kira har na gaji."

"Zuciyata, ko laifi na yi a gaya mini."

Ta rubuta masa: "Allah ya ba ku zaman lafiya kai da Wasila. Tikitinku zai fito da zarar ka faɗi gari."

Washegari ya zo da mahaifiyarsa, Inna Hassana, tana dogara sanda, Wasila na riƙe da hannunta. Tsohuwar ta zauna da ƙyar, ta ƙare wa Bara'atu kallo.

"Ke ce kika hana mani ɗa cin tuwo? To ga Wasila nan, matar yayanshi ce. An halbe mata miji a gona bara. Ita ka ɗaga ni, ita ka kwantar da ni, ba inda za ni ba ita."

Kunya ta rufe Bara'atu. Ta zagayo ta durƙusa ta gaishe su, ta yi wa Wasila ta'aziyya.

"Tashi ɗiyata," in ji Inna. "Shi wannan ya kasa zaɓe. Jidda nika so, amma ɗawafi ba da wagga ƙafa ba. Ke zaɓa muna."

Bara'atu ta miƙe. "Inna, Alkahira. Za ki ji kiran sallah ta ko'ina, akwai manyan asibitoci. Kuma a cikinsu duka ita ce ta fi kusa da gida. In wani abu ya taso, juyowa ba za ta yi wuya ba."

"Awo. Mai tunanin komowa ita ta san tahiya. A rubuta hakan."

A makon ne iyayen Mahadi maza suka je Furfuri neman izini. Malam Dalhatu, mahaifin Bara'atu, ya karɓe su a zaure, ya sa aka kawo fura, ya saurare su har suka gama. Manomi ne mai sanyin magana, ba a san shi da faɗa ba.

"Ban ji wani aibu ga yaronku ba," ya ce. "Amma ina da ɗa, Idris, yayan ita Bara'atu. Ya ce mani za ya Libiya neman aiki, ya komo kafin damina. Damina nawa ta wuce tun sa'annan, ni na bar ƙirgawa. Ba gawa, ba labari. Uwarshi ta rasu tana kallon ƙofa. Yanzu ku ce in ɗauki wadda ta rage mani in ba wanda za ya kai ta bayan teku? Ku yi haƙuri. Ba ni iyawa."

Ba a bar ƙofar da za a sake ƙwanƙwasawa ba. An tura liman, an tura ƙanwar Malam, amsar ɗaya ce. Shi bai tilasta wa Bara'atu kowa ba, sai dai ya ce Abdulaziz mai sayar da hatsi a kasuwar Bungudu ya daɗe yana aiko da gaisuwa, mutum ne da in an yi kira daga zaure zai ji. Bara'atu ta ce ya ba ta lokaci. Ta kasa jin haushin mahaifinta, domin ita ma har yanzu in baƙuwar lamba ta kira ta, gabanta kan faɗi ko Idris ne.

Mahadi ya same ta a ofis bayan an tashi, suka tsaya a bakin baranda.

"In na ajiye aikin fa?"

"Ka ci me, ka ciyar da Inna da marayun yayanka da me? Gona ta gagara, kai ma ka sani."

"To ki ce mini in jira."

"Jiran me, Mahadi? Baba ba zai canza ba sai Yaya Idris ya yi sallama a ƙofar gida." Ta share ido da mayafi. "Ka bar ni in yi maka aikin da na iya. Tikiti."

Tikitin ma bai yi amfanin da aka so ba. Ana gab da tafiya, jikin Inna ya motsa, likita ya ce jirgi ba yanzu ba. Akwatin da Wasila ta shirya aka mayar ƙarƙashin gado. Hutun Mahadi ya ƙare, asibitin da yake aiki suka ce ko ya dawo ko su ba wani gurbinsa. Inna da kanta ta kore shi.

"Tahi. Ciwon tsufa ne, ba yau ya fara ba."

Ya roƙi Bara'atu ta soke zangon, ya wuce kai tsaye, tunda wadda aka shirya dominta ba za ta je ba. Ta ce sauyin ba zai yiwu a kurarren lokaci ba, kuma gaskiya ta faɗa. Haka ya tafi shi kaɗai, zuwa otal ɗin da ta zaɓa saboda ba shi da matattakala.

Saƙonsa ya same ta tana shara a tsakar gida.

"Na sauka, Bara'atuna. Ɗakin yana kallon kogi, kamar yadda kika ce. An ajiye keken guragu a bakin ƙofa saboda Inna. Na kasa ce musu su ɗauke. Gari ne mai kyau, amma ban san me zan yi da shi ba."

Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa: "Ka je masallaci ka yi mana addu'a. Abdulaziz ya sake aikowa, Baba ya ce bayan girbi yana son amsa. Ban da abin da zan ce masa kuma."

Ta kifa wayar, ta ci gaba da sharar da ta riga ta gama.

Washegari da hantsi Wasila ta kira ta tana kuka. Inna ta daina magana sosai, sunan Mahadi kawai take kira, layinsa kuma ya ƙi shiga. Bara'atu ta kira otal ɗin da ɗan Larabcin Islamiyyarta haɗe da Turanci, har aka haɗa ta da ɗakinsa.

"Mahadi, jikin Inna ya tsananta, sunanka take kira. Akwai jirgin Kano yau, saura kujera. In ka hau, wancan tikitin ya tafi, aikinka ma wataƙila. Ba zan ce maka komai ba, faɗa mini kawai."

"Kama mini ita."

Daga Kano ya shigo motar haya ta Funtuwa, hanyar da direbobi ba sa son bi in rana ta yi sanyi. Ya iso Tsafe da ƙurar tafiya a jikinsa. Inna ta buɗe ido, ta shafa fuskarsa, ta ce, "Ka komo?" Ya kwana biyu yana juya ta, yana ɗiga mata ruwa da cokali, aikin da ya yi wa iyayen wasu shekara da shekaru. A hannunsa ta cika.

Saƙon sallama daga wurin aikinsa ya zo ana zaman makoki. Ya karanta, ya mayar da wayar aljihu.

Ranar addu'ar uku sai ga Malam Dalhatu, shi da bai taka Tsafe ba tun da hanya ta lalace. Ya yi gaisuwa, ya zauna a gefen tabarma har jama'a suka ragu. Sannan ya matso.

"An ce mani ka kai rabin hanya ka juyo."

"Haka ne, Baba."

"An ce aikin ya tahi."

"Ya tafi."

Tsohon ya daɗe yana murza carbinsa. "Uwar Idris ta kira sunanshi ita ma, har muryarta ta ɗauke." Ya goge ido da hannun riga. "Mi za ka yi yanzu?"

"Zan nemi aiki a Gusau. In ban samu ba, sai yadda Allah ya yi. Ba ni da abin da zan nuna maka, Baba."

"Ban tambaye ka abin nunawa ba. In an share makoki, ka turo manyanka."

An ɗaura auren a Furfuri bayan girbi, da safe, domin baƙi su koma gida da rana tsaka. Babu kiɗa, babu taron walima, dabino da goro kawai aka raba. Wasila ce ta yi wa amarya lalle, tana yi tana kuka tana dariya. Ango bai samu aiki na dindindin ba tukuna, yana dai taimakawa a wani ƙaramin asibiti a Gusau, inda suka kama ɗaki biyu.

Da za a fita da amarya, Malam Dalhatu ya tsayar da motar a ƙofar gida. Ya leƙa ta taga, ya ɗora hannu a kan Bara'atu, ya dubi Mahadi da ke tsaye a gefe.

"Ga amana nan. In wata rana abinci ya kira ka nesa, kar ka bar ta don ni. Ku tahi tare. Ku dai riƙa kira, ko ba ku da abin faɗi."

Bara'atu ta riƙe hannun mahaifinta da hannu biyu, ta kasa saki, sai shi ya zare a hankali.

"Allah ya yi maku albarka. Allah ya jiƙan waɗanda ba su ga wagga rana ba. Direba, ja mota, kar rana ta yi maku."

Mata suka amsa da amin, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa guda ɗaya, motar ta kama hanyar Gusau.