Duwatsun da Mustahil Ya Kwaso

Dutsen farko ya faɗo ne ana tsakiyar kiran sallar magariba, lokacin da Tuful ke zaga ɗakuna da kaskon turaren lubban kamar kullum. Ya daki rufi, ya gangaro, ya tsaya gaban mijinta Mustahil da ke alwala. Ya ɗauka ya jujjuya. A jiƙe yake, yana ƙarnin teku, alhali ana tsakiyar rani, gidansu kuma a gindin tsauni yake, sai an yi awa guda a mota kafin a ga ruwan gishiri.

Da wani ne, da neman tsari zai fara. Mustahil kuwa irin mutanen nan ne da ko sallama ka yi musu sai sun tambayi kansu me kake nema. Ya dubi katanga, ya dubi tagar ɗakin 'yarsa Galiya, ya gyaɗa kai.

"Ruwa ba ya tsami banza," ya ce.

"Ka fara ke nan, Baban Galiya," in ji Tuful. "Je ka yi sallarka."

Kwana uku kafin nan ya kwashi iyalin zuwa wani bakin teku can yamma da garin Salala, inda hanyar mota ke ƙarewa a ƙarasa da ƙafa. Da damina ba mai kusantar ruwan wajen. Sai rani ya kama yake yin garau, igiyoyi su riƙa tahowa a jere, dogaye, ba gaggawa. Ranar ba kowa sai su da wasu raƙuma kwance a yashi. Galiya, mai shekara goma sha bakwai, ta ɗauki allon hawan igiyar ruwa na yayanta da ke aiki a Maskat, za ta zaga bayan wani tsauni inda ido ba zai gan ta ba. Shi kuma ya shiga neman duwatsun gashi, don a ƙasar nan ba a cewa an fita shan iska sai an gasa nama a kan dutse mai zafi. Ya samu guda bakwai, baƙaƙe, masu faɗi da santsi, a jere gaban wani kogo.

"Baba, waɗannan hannu ne ya jera su," Galiya ta ce da ta zo wucewa. "Ka bar su."

"Ke da allonki, ni da wutata."

Ya shimfiɗa su kan garwashi ya gasa akuya, naman ya yi daɗin da ya sa ya loda duwatsun a mota. Da ya je kiran Galiya sai ya ga sawu biyu a jiƙaƙƙen yashi, nata da wani babba a gefensa, kafaɗa da kafaɗa. Ya dai adana abin a ransa.

To, da jifa ya fara sai biri ya yi kama da mutum. A ganinsa, mai sawun ne ya biyo 'yarsa gida, jifan kuma alama ce tsakaninsu. Wa ke hawan igiya a unguwar in ba Suhail ɗan maƙwabcinsu ba? Ya karɓe wayar Galiya, ya kulle yarinyar a ɗaki. Ta rantse har muryarta ta dushe, ya ce rantsuwar ta yi yawa, akwai magana. A ƙofar masallaci, gaban jama'a, ya tare uban Suhail ya ce ya ja wa ɗansa kunne. Kafin mako ya zagayo sunan Galiya ya shiga bakin duniya, matan da ke shigowa shan gahawa suka ɗauke ƙafa. Tuful ta yi kuka har ta gaji.

Jifa bai fasa ba, kullum da faɗuwar rana. Mustahil ya hau rufi da sanda ya yi kwanto, dutse ya faɗo masa daga sama inda ba kowa, ya sauko yana cewa yaron ya iya danƙo. A magariba ta tara gidan ya yi wani irin tsit, ko awaki ba sa motsi. Tuful ta ga ruwa na kwararowa ta ƙarƙashin ƙofar Galiya, ta dangwala a harshe ta ji gishiri. Da aka buɗe, yarinyar na zaune tsakar ɗaki, gashinta na ɗiga, ƙafafunta duk yashi, tana jijjiga hannuwa kamar mai rarrashin jariri, tana waƙa da muryar tsohuwa. Ko a nan ma, wallahi, ƙarafan taga Mustahil ya fara dubawa.

"'Yarka za ka duba," Tuful ta ce a hankali. "Ba taga ba."

Washegari bayan la'asar ta kawo Shehi Bahit, wani tsohon malami da ya yi rabin rayuwarsa cikin makiyayan raƙuma. Ya zauna nesa kaɗan da yarinyar, ya sa aka ƙara lubban a wuta, ya fara karatu ba tare da ɗaga murya ba. Ya daɗe. Inuwar katanga ta ci tsakar gida, sannan Galiya ta ɗago kai, idanun da suka dube su kuwa ba nata ba ne.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, me kike nema a gidan mutane?"

"Tambayi mai gidan abin da ya nema a nawa. Kabarin ɗana ya kwashe. Ya gasa akuya a kai, ya suɗe yatsu."

Mustahil ya buɗe baki, Shehi ya ɗaga masa hannu.

"Bai sani ba. Ita kuma yarinyar ba ta yi miki komai ba."

"Ita ce ma ta hana shi. Na bi ta har bakin ruwa, ina gefenta, ina so ta sake yi masa magana." Muryar ta yi wata busasshiyar dariya. "Ya ga sawuna ya ce namiji ne. Ku bar min ita. A can ba mai kulle ta, ruwa ma ya san darajarta."

Tsoro ya kama Mustahil, amma kunya ta fi tsoron nauyi.

"Ba a biyan dutse da mutum," in ji Shehi. "Ki faɗi abin da zai yiwu, ko in ci gaba da karatu."

Aka yi ta ja. Ta ce a bar mata yarinyar shekara guda, ya ƙi. Ta ce wata guda, ya jawo numfashi zai fara karatu. Daga ƙarshe ta yarda a mayar da duwatsun kafin Juma'a, shi Mustahil ya ɗauke su a bayansa ɗaya bayan ɗaya daga inda mota ke tsayawa, ya wanke su da ruwan teku, ya jera su yadda ya same su, kada kuma ya sake hura wuta a wajen. Shehi ya sa ta rantse, ya ce ta fita ta ɗan yatsan ƙafa. Yatsan ya yi karkarwa, Galiya ta sulale jikin uwarta.

A bakin ƙofa Shehi ya tsaya yana neman takalminsa.

"Duwatsu kam za su koma inda suke," ya ce. "Maganar da ka ajiye a ƙofar masallaci ce ban san mai ɗauko ta ba. Wannan ba ni da karatunta."

Ana kiran magariba Galiya ta buɗe ido. Ba jifa. Ta dubi uwarta, ta dubi ubanta da ke tsugune a bakin ƙofa ya kasa shigowa. Ba ta tuna komai ba tun daga ranar da aka kulle ta.

"Baba," ta ce da dusasshiyar murya, "ka kama mai jifan? Yanzu ka yarda ba ruwana?"

Mustahil ya ɗago kai ya dube ta.

"Na kama shi," ya ce. "Ubanki ne."

Ya tashi ya nufi masallaci tun bai yi alwala ba, don ya riski mutane kafin su shiga sahu.