Giya ta Biyar a Kan Tudu

"Kowa ya kwanta!"

Da rana tsaka 'yan fashi suka faɗa shagon maƙerin zinariya. Oga ya kwaɗa wa tsohon gindin bindiga a baki, haƙoransa suka zube kan sikeli. Mai gadi ne suka raina. Tau! Tau! Harsashi ɗaya ya shige cikin Yaya, ɗaya ya farfasa hannun daman ƙaninsa Sitiyari, direbansu, yana zaune a mota.

"Matsa can!" Oga ya ture shi kujerar gefe, ya karɓi tuƙi.

Sitiyari ya waiga. Yaya na kwance a kujerar baya, a cinyar Dogo abokin fashinsu, jini na bulbula. Wannan Yayan ne ya raine shi, shi ya ɗora masa hannu a kan giya. Akwai likitan da ke yi musu ɗinki a ɓoye, a bayan tudu. Su kai can kawai!

A shimfiɗaɗɗen titi kowa direba ne. Oga ya zura giya ta biyar yana dariya. Can baya, a motar 'yan sanda da ta biyo su, sajan na faɗa wa direbansa, "Kar ka matsa musu. Tudu na gaba."

Suka fara hawa. Inji ya shiga nishi, mota na kakkarwa.

"Oga, sauko giya ta biyu! Ba za ta hau a haka ba."

"Jiniya na bayana ka ce in rage? Biyar ta fi biyu, wawa!"

"Gudu gare ta, ba ƙarfi ba, wallahi..."

"Nauyi ne ya yi mata yawa. Dogo, sauke gawar nan."

"Yana numfashi! Oga, don Allah!"

Dogo bai ko yi gardama ba. Ya buɗe ƙofa, ya tura da ƙafa. A madubi Sitiyari ya ga Yaya a kan kwalta, yana ɗaga hannu.

Ba su yi nisa ba mota ta yi tari ta mutu. Oga ya tayar, ta sake mutuwa. Jiniya ta matso. Sai ga muryar Oga ta yi laushi.

"Sitiyari, ɗan'uwana, wace giya ka ce?"

Sitiyari ya dube shi ido cikin ido.

"Ai biyar ta fi biyu, Oga."

Oga ya rikice, ya danne kuloci yana neman birki. Mota ta sulale da baya, tana ƙara gudu, sai suka ji ta hau wani abu, gif! Ta wuce ta faɗa kwalbati.

Dogo ya fita a guje, aka harbe shi a gadon baya. Oga kuwa aka jawo shi yana kiran uwarsa.

Sajan da kansa ya ɗaure Sitiyari. Ya nuna titi da haɓa.

"Wancan naka ne? Mun hango shi yana rarrafe. Da taya ba ta bi ta kansa ba, da asibiti za mu kai shi."

Sitiyari ya juya, ya ga gawar Yaya a kan kwalta.