Tsatsa a Garin da Ba Gishiri

Tsoho Salmanu bakanike ya doki sifirin ɗin da ke ƙarƙashin motar Luƙman da guduma, ƙarfen ya zube kamar ɓawon gyaɗa.

A-kori-kura ce, fara. Da safe ta lalace ta zauna a kan hanyar Ulaya a birnin Riyad ɗauke da kujerun ofis, aka janyo ta garejin Salmanu da ke bayan unguwar Al-Oud. Luƙman direba ya tsaya a kansa yana huci.

"Baba, kai ka duba ta kafin kafilina, ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya saya. Ka ce lafiya lau. Yanzu ya ce ni da kai muka haɗa baki. Jibi zai soke iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan."

Shekara talatin Salmanu yana ƙarƙashin mota a Riyad, ba wanda ya taɓa ce masa haka. Ya kankare baƙin fentin da ya rufe aksil ɗin baya, ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, jar tsatsa ta fito, mai kauri, falle kan falle.

Ya kira Bachir, dillalin da ya sayar da ita, ya zo.

"Daga ina motar nan?"

"'Yar nan ce, wallahi. Ko Jidda ba ta taɓa zuwa ba."

Salmanu ya kankare ƙashin motar daga gaba har baya. Fari tas. Tsatsar ta tsaya a aksil da sifirin kaɗai. Ya ce wa Bachir ya tafi.

Ya juyo kan Luƙman. "Ka shiga ruwan teku da ita?"

"Na je Dammam sau ɗaya."

"Iskar teku ba ta wannan ɓarnar a wata ukun da aka yi da sayenta. Wannan aikin shekara goma ne. Ƙasashen dusar ƙanƙara, gishiri suke zuba wa titi da hunturu. Wanda bai wanke ƙasan motarsa ya fesa mai ba, haka take komawa. Ina ganin waɗanda ake shigowa da su daga can a tashlih, inda ake farfasa matattun motoci." Ya nuna baƙin fentin. "Wa ya shafa wannan?"

"Kamil. Abokina ne, bakanike, tare muke kwana a Malaz. Ya ce sanyi ya kusa, bari ya fesa mata maganin tsatsa. Kyauta ma."

"Maganin tsatsa. A Riyad." Salmanu ya tofar da yawu. "Ruwan sama nawa ka gani bana?"

Salmanu ya ci gaba da tambaya.

"Yaushe ya karɓe ta?"

"Washegarin ranar da aka saye ta. Ta kwana biyu a wurinsa."

"Feshi ai aikin awa ɗaya ne."

Salmanu ya ɗauki hularsa, suka tafi.

Sun sami Kamil a rumfarsa yana shan shayi. Ya miƙe da sauri. "Baba, marhaban! Ga kujera."

Salmanu bai zauna ba. "Ka kwance wani abu a motar yaron nan?"

"Ko noti ɗaya ban taɓa ba. Feshi kawai."

"Notocin sifirin duk akwai sawun sifana a jikinsu, sabo. Fenti a kai, bai tsage ba. An kwance, an ɗaure, sannan aka fesa."

"Wataƙila dillalin ne."

"Da na duba ta a hannun dillali, babu fenti."

Kamil ya yi dariya. "Baba, ka tsufa. Ido yana kuskure."

Salmanu ya ji maganar har ƙashinsa. Ya wuce bayan rumfar inda aka jingina ƙarafa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ba gaggawa. A kan aksil na huɗu ya tsaya.

"Luƙman, zo. Taɓa nan."

"Ramuka uku ne, ƙanana."

"Ban iya rubutu ba. Duk abin da na duba na yarda da shi, ƙusa nake ɗora masa in buga sau uku. Ƙashin motarka yana da su. Aksil ɗin da ke jikinta ba shi da su. Ga naka nan." Ya dubi Kamil. "Ka cire mai kyau, ka sa ruɓaɓɓe daga tashlih, ka fesa baƙi ko'ina don su zama kala ɗaya. Da a babban titi ya karye, da gawa muke wankewa."

Luƙman ya yi kan Kamil, Salmanu ya tare shi da hannu ɗaya. "Kira kafilinka. Ya zo ya gani da idonsa."

Kamil ya durƙusa ya kama gefen rigar tsohon. "Baba, don Allah. Yau zan mayar masa da shi. In kafili ya kira 'yan sanda, kora ta za a yi. Ka ce masa kawai kai ne ba ka duba da kyau ba. Kai tsoho ne, ba abin da zai yi maka."

Salmanu ya janye rigarsa.

"A'a. Ba zan faɗa ba."