Ƙaho Biyu a Gindin Sabara

A shekarar da damina ta yi ruwa uku ta ɗauke, ranar wata Litinin da sassafe, aka gaya wa Sufeto Hashimu cewa Kapiten, sojan da ke riƙe da garin, na kiransa.

Hashimu ya shekara ashirin da biyu yana aikin ɗan sanda a Tasawa, kuma a cikinsu babu ranar da wani ya zarge shi da jarumta. Yana tsoron kare, yana tsoron allura. Amma tun da sojoji suka karɓi mulki, duk waɗannan suka zama wasa idan aka gwada da biron Kapiten, wato ofishinsa.

"An kashe wani maharbi a wani ƙauye bayan Korgom," in ji Kapiten, bai ma ɗago kai ba. "Jandarmomi suna rakiyar hatsin agaji. Kai za ka je."

"Mon Kapiten, ni ai na cikin gari ne."

"Shekara goma ke nan da hana farauta, ga mutum da kibiya a baya. Ranar Alhamis ka kawo mini wanda ya harba. In ba ka kawo ba, in aika kamiyo, babbar mota, a kwaso duk namijin da ya iya riƙe baka a garin. Kai ka hau gaba."

Hashimu ya ƙame ya sara.

Kafin rana ta take suka isa, shi da wani jandarma guda da aka ba shi, Mamudu, mutum mai rowar magana. Gonaki duk kara ne tsaye babu zangarniya. Mata suna bakin rijiya suna jiƙa 'ya'yan anza don ɗacin ya fita a ci.

Mai gari bai yarda an taɓa gawar ba tun jiya, don tsoron hukuma. Ƙaya kawai aka tara mata. Tana gindin wata sabara mai duhu a cikin busasshiyar fadama. Sunan mamacin Bawa. Ya faɗi ruf da ciki, kibiya tsakanin kafaɗunsa, hannuwansa riƙe da ƙahon barewa biyu. A wuyansa akwai wani guntun kara mai rami, a gefensa kuma wata 'yar gora ta kife.

Warin da ya bugi Hashimu bai tsaya ga na gawa ba. Akwai wani mai yaji a ciki, mai shiga har maƙogwaro. Ya juya gabas, warin ya bi shi. Ya rufe hanci ya zagaya da sauri ta yamma, kamar mai duba wani muhimmin abu, har ya isa bayan wata kalgo. A nan iska ta zo masa da tsabta. Ya sunkuya ya amayar da kokon safe.

Yana sunkuye ya ga gurbin gwiwa ɗaya a cikin rairayi, da sawun yatsun ƙafa a bayansa. Daga nan zuwa sabarar bai fi taku ashirin ba.

"Sufeto ya gano wani abu," in ji Mamudu.

"Aikinmu ke nan," in ji Hashimu, yana share baki.

Bayan an yi jana'iza aka kawo masa sarkin maharba, wani tsoho mai suna Cha'ibu.

"Baba, mene ne amfanin ƙahon nan?"

"Ranka shi daɗe, mu mun bar farauta tun da aka hana."

"Na sani. A da fa, kafin ku bari?"

Tsohon ya ɗan saki jiki. "A da, to. Kishimi, namijin barewa, ba ya jin ana faɗa ya ƙi zuwa. Sai mutum ya ɓuya, ya riƙa goga ƙaho da ƙaho, yana karawa, kamar maza biyu na kokawa a kan mace. Ya busa karan nan, kukan macen ke nan. Gorar kuwa fitsarin macen ne, ana shafawa a jiki da ganye don ya danne warin mutum. Bawa in ya kira, ni kaina sai na waiwaya."

"A da."

"A da, ranka shi daɗe."

Hashimu ya nuna masa kibiyar. Cha'ibu ya dube ta kamar bai taɓa ganin irinta ba a duniya. Haka mutum tara suka dube ta bayansa. A garin nan, in ji su, ko wuƙar yankan albasa sai an yi aro.

Talata ya je wurin matar mamacin, Zara'u. Tana bayan zana tana takaba.

"Yana da abokin gaba?"

"Babu."

Hashimu ya lura da igiya a rataye cikin rumfa, ta yi baƙi da maiƙo, ƙudaje na binta. A garin da ake cin anza, gidan nan an shanya nama kwanan nan.

"Ma'aikatan daji ba su taɓa kama shi ba?"

Ta ce, "Shi ba a kama shi."

"Wa ake kamawa?"

"An kama maƙwabcinmu Na Allah bara. Kwana arba'in ya yi." Muryarta ta yi ƙasa. "Ni ban ce komai ba."

Da la'asar Hashimu ya tara mazan gari ya faɗa musu maganar kamiyo. Bai ƙara gishiri ba. Wani ya fara salati. Wani ya ce in aka kwashe su, wa zai samo wa yara ko ganyen jiga?

Sai wani dogon mutum ramamme ya miƙe.

"Ni ne Na Allah. Kibiyata ce. Na fita neman abin da za a sa a baki, na ji ƙaho na karawa cikin sabara, na ji kukan mace. Na ɗauka kishimi ne, na saki. Da na ga abin da na yi, tsoro ya kama ni."

"Kuskuren daji ne," in ji Cha'ibu da sauri. "Yana faruwa tun kakanni. Ba a riƙe mutum da shi. Bawa ya cika iya kira, shi ke nan."

Wani sanyi ya ratsa Hashimu. Ga mutum, ga kibiya, ga rapor, wato rahoto, mai layi biyar. Ya zaro alƙalami. Sai ƙamshin kalgon nan ya dawo masa, wurin da ya samu iska mai daɗi ya yi amai. Ya yi ƙoƙarin mantawa, abin ya ƙi.

"Baba, iskar safe daga ina take zuwa a watan nan?" ya tambayi Cha'ibu.

"Daga yamma, kullum, har azahar. Tana zuwa kamar da ruwa, ba ta kawo komai."

Hashimu ya mayar da alƙalamin aljihu, yana tsine wa hancinsa.

Laraba da hantsi suka koma fadama su huɗu. Hashimu ya ce don cika rapor ne kawai, Na Allah zai nuna yadda abin ya faru. Ana buƙatar wanda zai zauna a wurin Bawa. Ya dubi Mamudu, Mamudu ya dubi sama. Cha'ibu ya ce gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa.

Haka Sufeto Hashimu, mai 'ya'ya bakwai, ya durƙusa a gindin sabara inda jini bai gama bushewa ba, tsoho yana yayyafa masa sauran abin da ke cikin gora.

"An karɓe kibau duka?" ya tambayi Mamudu a karo na uku.

"Waɗanda na gani."

Aka kai Na Allah can bakin hanya da bakansa. Hashimu ya ɗaga murya, ta fito siririya. "Ka manta da ni. Kishimi ne a nan, iyalinka na jin yunwa. Ka zo masa yadda maharbi ke zuwa."

Ya fara goga ƙahon. Ya busa karan, wani kuka ya fito kamar na akuya mai mura. Tsakanin kafaɗunsa ya yi sanyi daidai faɗin tsinin kibiya. Ya tuna dafin da ake shafawa, ya tuna an ce mutum ba ya kai kalmar shahada ta biyu. Bai ji takun kowa ba, kuma wannan ya fi komai tayar masa da hankali. Ya karanta duk abin da ya haddace, har da addu'ar shiga kasuwa.

"Na iso," in ji wata murya.

Hashimu ya buɗe ido. Na Allah yana durƙushe a gabansa, ta gabas, taku goma sha biyar, baka a ɗane babu kibiya.

Ya miƙe tsaye. "Me ya sa ka zagayo ta nan?"

Cha'ibu ya yi dariya. "Ranka shi daɗe, ko ɗan koyo ya san wannan. Iska na tahowa daga yamma. In ka tsaya mata a baya, ta kai wa dabba warinka, kafin ka ɗana ta gudu har garin Mayahi. Dole ka sa iska a fuskarka."

"Babu maharbin da zai zo wa kishimi ta yamma?"

"Sai mahaukaci."

"To zo ku gani."

Ya kai su bayan kalgo. Gurbin gwiwar yana nan, Mamudu ya kifa masa ƙwarya tun ranar Litinin. Dariyar tsohon ta tsaya.

"Daga nan aka harbi Bawa," in ji Hashimu. "Yau da na ce maka kishimi ne, ƙafarka ta kai ka gabas ba ka ko yi shawara da ita ba. Ranar Lahadi ka zo ta yamma, ta bayansa, domin ka san abin da ke cikin sabara ba ya jin wari. Shi ma gabas yake kallo, inda dabba za ta fito."

Na Allah ya daɗe yana kallon gurbin. Sannan ya ajiye bakan a ƙasa a hankali.

"Ni da Bawa tare muka koya a hannun Baba Cha'ibu," ya ce. "Bawa ne ya nuna wa ma'aikatan daji inda nake ɓoye bakana, don a bar shi shi kaɗai yana kai musu cinya. Kwana arba'in ina tsare. Na dawo na tarar an binne ɗiyata Husaina, yunwa ta ɗauke ta. Gidansa da gidana zana ɗaya ce a tsakani, Sufeto. Tana jin ƙamshin naman."

Cha'ibu ya zauna a rairayi ya rufe fuska da hularsa.

"Kamiyon ba zai zo ba?" in ji Na Allah.

"Ba zai zo ba."

Ya miƙa hannuwansa, Mamudu ya sa masa ankwa.

Suna juyawa sai Mamudu ya tsaya cak. A can gefen fadama, ta gabas, wani kishimi ne tsaye, haƙarƙarinsa a waje, kunnuwa a miƙe, yana neman mazan da ya ji suna faɗa. Mutum huɗu suka zuba masa ido, biyu daga cikinsu da yunwa.

"Wata bakwai ina nemansa," in ji Na Allah. "Ashe ɗan sanda yake jira."

Iska ta kai masa warinsu, ya yi tsalle ɗaya ya ɓace.

A mota Mamudu ya sauke gilashi duka, ya ce don zafi ne. Hashimu bai yi musu ba. Ya zauna yana warin macen barewa har Tasawa, yana shirya yadda zai shiga biron Kapiten a haka.