Kuɗin Liƙin Fiddausi

Da hantsi Sufeto Sharafaddeen ya isa wani zauren biki a unguwar Kwararafa, ya tarar da mawaƙiya Fiddausi tana huci, idanunta jawur. An sace jakar kuɗin da masoya suka yi mata liƙi a wasan jiya, kuma mai zauren, Oga Isa, ya riga ya sa an tsare Nura, makaɗinta, wanda za ta aura.

"Nura ba ɓarawo ba ne, yallaɓai! Wallahi ko ruwana ba ya sha sai ya tambaya!"

Sufeto ya ce, "Yaya kuka yi da mai zaure kan tikiti?"

"Kuɗin ƙofa mu raba biyu, liƙi nawa ne ni kaɗai. Ya so a tsauwala tikitin, na ce ban yarda ba. 'Yan unguwar Kabong da suka raine ni su tsaya waje suna leƙe?"

Sufeto ya samu Oga Isa a ofishinsa yana karkaɗa ƙafa, yana murmushi.

"Wayo ta yi min, Sufeto. Tikiti da arha, jama'a su shigo aljihu cike su zazzage mata a goshi. Ni fa dizal na ƙona! Amma ko kusa da dandamalin ban je ba. Wancan mai gangar na gani da jakar."

Ran Sufeto ya soma tafasa. Ba abin da ya tsana irin mai zargin wani yana murmushi.

Ya fito ya sayi ruwa a kantin zauren, Binta mai kantin ta miƙo masa canji. Ya tsaya cak. Takardar kuɗin sabuwa ce fil, amma ga sawun takalmi a kanta, ga hodar kwalliya mai ƙyalli a gefe. Kuɗin da aka manna a goshi, ya faɗi aka tattake da rawa, shi kaɗai ke komawa haka.

"Wa ya ba ki wannan?"

"Oga ne ya kawo min canji da safen nan."

Sufeto ya koma ya buga takardar a kan teburin Isa.

"Yaushe kuɗin ƙofa ya fara shafa hoda?"

Murmushin ya gudu. Isa ya miƙe yana kumfar baki. "Haƙƙina na ɗauka! Zaurena, wutata, sannan ita ta kwashe riba?"

"Shi ne ka tura yaron mutane sel?" Ankwar Sufeto ta ce ƙas a wuyan hannun Isa. "Mu je. Inda Nura ya kwana bai ma huce ba."