Awarwaro a Cikin Kwano

"Malama! Hannuna! Wayyo Allah hannuna!"

Ihun ne ya fara isowa, sannan ƙaurin fata.

Yarinyar da muke kira Sarkin Tambaya ce, 'yar aji biyar, wadda ta fi kowa kai a ɗakin gwajinmu. Ta miƙa hannu ta saman batirin famfon sola da muke haɗawa, awarwaronta ya taɓa kawunan batirin biyu lokaci guda. Kafin Injiniya ya fizge ta ƙarfen ya yi zafi, ya zana mata zobe a wuyan hannu.

Ya tura hannun cikin bokitin ruwa, ya ɗago ya dubi nawa hannun.

Awarwarona na nan. Shi ya ba ni shi jiya.

Doka ɗaya ce a ɗakin nan, kuma shi ya kafa ta: duk ƙarfe a kwano. Zobe, agogo, awarwaro, kowa ta zuba a kwanon silba da ke bakin ƙofa kafin ta shiga. Shekara biyu ba wanda ya karya ta. Ni na karya, don na kasa cire kyautar kwana ɗaya.

Injiniya ba shi da takardar injiniya. Gyaran janareto yake a bakin kasuwa, yara ne suka sa masa sunan. Da na dawo karatu daga waje aka turo ni wannan makarantar gwamnati, na tarar da kayan gwaji cikin kwalayensu, shekara bakwai a sito. Makullin na aljihun Mataimakin Shugaba, wai kada yara su lalata. Da faɗa na karɓo shi. Injiniya kuwa sau biyu a mako yake rufe shagonsa ya zo ya koya wa 'yan mata dabarun haɗa waya, kyauta.

A asibiti yarinyar ta jawo ni kusa.

"Malama... na ga naki a hannunki ne, na ce ashe yau an yafe."

Na ɓoye hannuna a bayana.

Washegari aka kira zama. Na tare Injiniya a baranda kafin mu shiga.

"Zan faɗa musu gaskiya."

"Ki faɗa, su rufe ɗakin."

"Laifina ne!"

"Na sani, rabin raina. Amma idan laifin malama ne, shirin ne ya gaza, kaya su koma sito. Idan na bare ne, baren za a kora, shi ke nan."

"Mu fa?"

"Ja hannun rigarki ƙasa."

"Na ce mu fa?"

Ya yi murmushi, irin wanda yake yi in janareto ya ƙi tashi.

"Yayanki da ma ba ƙaunata yake ba. Ina ya taɓa amsa min gaisuwa?"

A ciki akwai Shugaba, da uban yarinyar, da Mataimaki riƙe da rahoton da ya rubuta tun kafin ya ji ta bakin kowa. Sau biyu Mataimakin ya je wurin Yayana neman aurena, sau biyu na ce a ba shi haƙuri.

"Na sha faɗa," in ji Mataimaki, "an kwaso mana ɗan kasuwa mai baƙin mai a farce an damƙa masa 'ya'yan mutane. Ga shi nan!"

Injiniya ya miƙe.

"Ranki ya daɗe, ni ne. Ni ke tsayawa a ƙofa in duba hannaye. Jiya ban duba ba."

Uban yarinyar ya zage shi, ya zagi wanda ya koya masa aiki. Injiniya bai ɗaga kai ba.

Shugaba ta juyo kaina.

"Malama, kina da abin cewa?"

Ƙarfen na cikin hannun rigata, ina jin sanyinsa. Na tuna kwalayen nan da ƙurar shekara bakwai a kansu.

"Babu, ranki ya daɗe."

Aka hana shi taka makarantar. Aka bar ɗakin a buɗe.

Kafin in isa gida labari ya riga ni.

"Na tura ki karatu har wata ƙasa, ki dawo ki ce sai wanda ya ƙona 'yar mutane?" Yaya na tsaye a tsakar gida. "Ba da ni ba, wallahi! In ya sake tako ƙofar nan, ni da shi ne."

"Umma, ki sa baki..."

"Auta, me zan ce? Da bakinsa ya amsa."

Na san in na gaya wa Yaya gaskiya, kafin gari ya waye tana kunnen Mataimaki. Na shige ɗaki.

Uban yarinyar bai bar maganar a makaranta ba, har kasuwa ya kai ta. Masu kawo gyara suka janye. Ranar da na yi ƙarfin halin zuwa, shagon na kulle, an cire allon.

"Ya tashi tun shekaranjiya," in ji mai walda na gefensa. "Bai ce ga inda ya nufa ba. Ke ce malamar? Ya ce in kin zo in gaya miki a ƙara wa famfon fis."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, 'yar'uwa."

Na kira lambarsa har na haddace muryar matar da ke cewa a kashe take.

Mataimaki ya same ni a ƙofar ɗakin gwaji, yana gyara hula.

"To Malama, yanzu da hanya ta yi fili..."

"Makulli kaɗai na taɓa nema a wurinka, kuma yana hannuna."

Muka sa fis ɗin, mai yanke wuta in ta yi yawa. Bayan wata guda famfon ya kawo ruwa, yara suka yi ta tsalle suna jiƙa juna. Na rubuta sakamakon a littafi.

Sarkin Tambaya ta dawo da tabo zagaye da wuyan hannunta. Ba wanda ya taɓa tambayarta me ta gani, ita ma ba ta faɗa ba. Yanzu ita ke tsayawa a ƙofa da kwanon.

"Duk ƙarfe a kwano," ta ce, ta tare ni. "Har ke, Malama."

Na cire, na saka.

Da aka tashi kowa ta ɗauki nata, saura guda ɗaya a ƙasan kwanon.

"Malama, naki."

"Bar shi nan," na ce, na ja ƙofa.