Kafin Ɗaya Ga Yuli

Tabish yana tuƙa alewar sohan a shagon kawunsa, cikin tsohuwar kasuwar Multan, ranar da Rubab ta fara tsayawa a gabansa. Gumi ya jiƙa masa riga, muciya na hannunsa, bakinsa kuwa bai daina waƙa ba. Ta jira, ta sake jira, har ta gaji ta ƙwanƙwasa teburin shagon da makullin gida.

"Bawan Allah, alewa ake sayarwa a nan ko rediyo aka buɗe?"

Ya ɗago kai. Waƙar ta tsaya, muciyar ta tsaya, gindin tukunya ya fara kamawa bai sani ba.

"Rediyon kyauta ne, 'yar'uwa. Alewar nawa za a ba ki?"

"Rabin kilo." Ta zuba wa sikeli ido. "Ka zarce."

"Sikelin ne ya ruɗe, ba ni ba."

"To rage. 'Yar Master Khuda Bakhsh ba ta karɓar abin da ba ta biya ba."

Tabish ya dafe ƙirji. Master Khuda Bakhsh shi ya koyar da shi a aji huɗu a makarantar gwamnati, kuma har gobe kunnensa na hagu bai manta ba.

"Shi ya sa! Ashe Hedimasta ce da kanta."

Daga ranar sunayen suka zauna, ita Hedimasta, shi Rediyo. Katanga ɗaya ce tsakanina da gidan Master, don haka kada kowa ya tambaye ni yadda na san sauran. Na dai san alewa ta yawaita a gidan da likita ya hana maigidansa zaƙi, kuma duk yamma Rubab na hawa rufin gida da waya wai tana kwashe shanya.

"Hedimasta, yau na ƙona tukunya biyu. Kawu ya ce aljanu ne. Ban ba shi sunan aljanar ba."

"Rediyo, ka rage ƙara. Ammi ta fara tambaya me nake wa murmushi."

Da kawun Tabish ya zo nema masa aure, Master ya ba shi shayi, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce yaro ne mai ladabi, amma ba a ɗora gida a kan waƙa. Rubab ta yi kukanta a kicin. Ammi Zakiya, mahaifiyarta, ta yi kamar albasa ce ta sa ta hawaye.

Ba a yi wata shida ba wani ya ɗauki Tabish a waya yana waƙa a gaban tukunya, ya watsa. Cikin shekara biyu yaron da muke aike ya zama wanda ake sayen tikiti a gani a Dubai da Landan da Toronto. Ya sayi gida a Dubai. Duk unguwa muka ce to, yanzu kam Master ba shi da ta cewa.

Ashe ba mu san maƙwabcinmu ba.

Tabish ya zo da kansa, da kwandunan mangwaro da farar mota wadda lungunmu ya ƙi karɓa, sai a bakin titi ya bar ta. Ya zauna a ƙasa gaban Master kamar ɗan aji huɗu.

"An ce a takarda kai yanzu ba mazaunin ƙasar nan ba ne," in ji Master.

"Shawarar lauya ce, Master Sahib. Shekarar haraji daga ɗaya ga Yuli take farawa. Wanda ya yi kwana ɗari da tamanin da uku a ƙasa cikinta, duk abin da ya samo a waje sai an yanka. Idan bai kai ba, ba ruwansa. Ba sata ba ce, doka ce. Duk manyan haka suke yi."

"Kai ma ka zama manya."

"Muryata ce, Master Sahib. Shekara tara ina gaban wuta, ba wanda ya zo daga gwamnati ya tambaye ni ko na karya."

"Muryarka Allah ya ba ka. Karatun da ka karanta takardun lauyan da shi fa, a kan bencin wa ka koya? Shekara talatin da huɗu ana cire nawa tun albashi bai taɓa hannuna ba. Mai sharar lungun nan idan ya sa katin waya sai an cire masa."

"Kuma ina kuɗin suka tafi? Ajinmu ko fanka babu, kai ma ka sani. In ba su, su gina wa 'ya'yansu gidaje?"

Gaskiya ni daga bayan katanga sai da na gyaɗa kai, don yaron bai yi ƙarya ba.

"Ɓarayi suna nan, ban musa ba," in ji Master a hankali. "Amma ba zan ba da 'yata ga mutumin da ke ƙirga kwanakin da zai yi a gidansu ba. Kwashe mangwaronka, ɗana, likita ya hana ni."

Da yammar Rubab ta rubuta wa Tabish: "Rediyo, me ya sa ka ɗaga masa murya?"

"Don ke nake tarawa, Hedimasta. So nake ki huta."

"Ni ban ce maka na gaji ba."

Da sanyi ya shigo, ƙodar Master ta gaza. Sau biyu a mako ake kai shi asibitin gwamnati wankin ƙoda, inda na'ura shida ce, uku sun lalace, mutane na kwance a baranda suna jiran layi. Tabish ya soke wasanni ya zauna a Multan. Ya aiko a mai da Master asibitin kuɗi, Master ya ce shi layinsa zai bi. Sai yaron ya koma tsayuwa a ƙofar asibiti da takunkumi a fuska don kada a gane shi, ba don komai ba sai ya ga Rubab ta fito sayen ruwa. Haka kwanakinsa suka tsiyaye. Ƙarshen Afrilu lauya ya kira shi hankali a tashe: ɗari da tamanin da biyu cif, ko kwana ɗaya ya ƙara ya shiga. Washegari ya tashi Dubai.

Wanda ya rage a gefen gado shi ne Adeel, ɗan ƙanwar Master, mai ƙaramin kantin magani. Shi ke goya kawunsa zuwa bene, shi ke neman jini. Ba ya waƙa, ba ya barkwanci, amma kullum yana nan, kuma kowa ya san tun suna yara idonsa na kan Rubab. Ammi Zakiya ta fara cewa, "Ɗiyata, miji shi ne wanda ka juya ka gan shi."

Ranar ashirin ga Yuni, zafi kamar a bakin tanda, Master ya kama hannun 'yarsa.

"Har yanzu mai surutun nan kike so?"

Ta sunkuyar da kai.

"To kira shi. Taurin kaina bai kai in bar ki a haka ba. Ya zo in ba shi ke da bakina, a nan ma ya isa, liman ba ya tsoron asibiti. Amma ya yi sauri."

Nan take ta rubuta masa: "Rediyo, Abba ya yarda! Ya ce ka zo a ɗaura yana gani. Ka taho gobe."

Amsar ta daɗe. "Alhamdulillah! Hedimasta, kuka nake. Amma akwai kwantiragi a nan da ba zan iya fasawa ba. Ɗaya ga wata ina gabanki, na rantse."

"Kwana goma sha ɗaya? Likita ya ce ba a san gobe ba."

"Abba jarumi ne. Zai jira mu."

Master kuwa ya yi ƙoƙarin jira. Kowace safiya sai ya sa Adeel ya kira wanzami ya gyara masa gemu, ya sa a ajiye farar hularsa a kan matashi. Idan ƙofar ɗaki ta motsa sai ya juya ido. Bai taɓa tambayar Rubab dalili ba, sai dai ya tambayi nawa ga wata.

A kwana na biyar hoto ya zagaya wayoyin unguwa: Tabish a wani ɗakin cin abinci, wata mawaƙiya ta jingina da kafaɗarsa. Mata suka yi ta zuwa duba Master, idanunsu kuwa a kan Rubab. Ta tura masa hoton.

"Wannan ce kwantiragin?"

Nan take ya kira. Ta fita baranda, tsakanin masu jiran layi.

"Wallahi hoton bara ne, Rubab, mu goma ne a teburin, an yanke sauran."

"To me ya riƙe ka? Kada ka sake ce mini kwantiragi."

Ta ji numfashinsa. Sannan ya faɗa mata. Kwanakinsa sun cika. Idan ƙafarsa ta taka filin jirgi kafin ɗaya ga Yuli, harajin shekara guda zai hau kansa, kuɗin da ya isa ya sayi lungunmu gaba ɗaya.

"Kwana shida kawai suka rage, Hedimasta. Shida."

"Da ma macen ce," ta ce. "Da na san da wa nake kishi."

Ta kashe wayar. Abin tausayi, ta koma ciki ta ce wa ubanta jirage ne suka cika saboda masu dawowa hutu. Master ya ce, "Haka ne, lokacinsu ne."

Tabish ya yi kwana biyu yana kai-kawo a gidansa mai kallon teku. Lauya na kira yana lallashi, ita kuwa Rubab ba ta ɗaga kiran Tabish. Ranar ashirin da bakwai da la'asar saƙonsa ya shigo.

"Na sayi tikiti. Ban samu kujera ba sai jirgin gobe da rana. Ki ce wa Abba ɗan aji huɗu na tafe, ya tanadi bulala."

A lokacin Master ya riga ya daina gane mutane. Rubab ta sunkuya ta karanta masa a kunne, sau uku. Ko ya ji, Allah kaɗai ya sani.

Washegari da hantsi Master ya cika. A zafin Yuni ba a ajiye gawa, ana idar da azahar aka kai shi. Tabish ya sauka da la'asar, aka buga masa hatimi a fasfo, ya zarce maƙabarta da jakarsa. Ya tarar da mai haƙa yana yayyafa ruwa a kan sabuwar ƙasa. Ya durƙusa ya yi kukan da ban taɓa jin namiji ya yi ba.

A wajen zaman makoki masu baki suka samu abin taunawa. "Ya yi biyu babu. Saura kwana uku ya tsira da kuɗinsa, ga shi tsohon ma bai gani ba." Ya ji, bai ɗago ba. Ya zauna cikin maza yana miƙa ruwa, ya biya harajinsa da lokaci ya yi, bai koma Dubai ba. Kullum yana tura saƙo ɗaya: "Ina nan." Rubab ba ta amsa ko ɗaya ba. Ni da take ɗauka kamar innarta, ta ce mini, "Khala, ba na ƙin sa. Amma idan na rufe ido hular nan nake gani a kan matashi."

Bayan sadakar arba'in Adeel ya zo da wankakkun kaya, ya ce yana son magana da Ammi da Rubab. Aka kira ni shaida. Duk mun ɗauka neman aure ya kawo shi, Ammi har ta fito da kofunan baƙi.

"Akwai saƙon Kawu a wurina," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ni kaɗai ya faɗa wa, ranar da kika fita baranda amsa waya. Kwana arba'in ina kokawa da zuciyata a kan in binne shi. Ku yafe mini."

"Faɗi," in ji Ammi.

"Ya ce: 'Ba jirgi ba ne, Adeel. Ni malamin lissafi ne, ɗaya ga Yuli yaron nan yake jira. Kada ka nuna wa Rubab na sani. Ba zan kai ba. Idan ya iso kafin ɗaya ga wata, ko da ya tarar an rufe ni, na ba shi ita. Idan sai ɗaya ga wata ya iso, ku ba shi shayi ya koma.'"

Rubab ta toshe baki da mayafi. Adeel ya tashi bai taɓa shayinsa ba. A bakin ƙofa ya ce, "Ashirin da takwas ya iso. Ni na gan shi." Allah ya saka wa yaron nan, don abin da ya ajiye a ɗakin ba ƙarami ba ne.

Da yamma, karo na farko, ta amsa saƙon. "Ka turo kawunka."

An ɗaura auren a tsakar gidan Master, bayan lokacin mangwaro ya wuce. Ba kiɗa, ba 'yan jarida, mutum talatin da tukunyar shinkafa biyu. Ƙanin Master ya yi waliyyi, Adeel ya sa hannu a matsayin shaida. Da aka zaunar da ango kusa da amarya, ya matso ya yi ƙasa da murya, amma ni kunnena bai tsufa ba.

"Kin yafe mini?"

"Abba ya duba kwana ukun da ka riga ɗaya ga wata da su," ta ce. "Ni kwana takwas ɗin da ka zauna a can har yanzu ina ganinsu. Ina sonka, Tabish. Amma ka ba ni lokaci."

"Duk wanda kike so."

Ta bar hannunta cikin nasa. Ammi Zakiya ta taso, ta ɗora tafi ɗaya a kansa, ɗaya a kanta.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa ku rufe wa juna asiri." Sannan ta ƙarasa: "Allah ya kai labarin wannan rana ga wanda ya yi kwana takwas yana gyara gemu dominta."

Muka ce amin, ba wanda ya iya kallon ɗan'uwansa.